Tunkiyar da ta fito daga cikin dutse

A Tamanrasat, can ƙasar Larabawa, aka fara cutata, kuma wanda ya cuce ni da Hausa ya gaishe ni, har ya tambayi yadda damina ta yi a Damargu. Sunana Lawali, ƙauyenmu yana ƙasar Damargu, yamma da Tanut a kan hanyar Balbeji, kuma ban iya komai a duniya ba sai kiwo. Mutumin nan ya zuba mu a bayan wata mota mai rufin tamfol, ya ce direban ɗan'uwansa ne, ba zai tsaya ba sai Gardaya. Muka yi ta tafiya har ƙafafuna suka daina zama nawa. Wata safiya direba ya tsaya, ya ɗaga tamfol, ya nuna mana wasu fararen gine-gine can nesa, ya ce ga Gardaya nan, mu ƙarasa da ƙafa saboda jandarma. Muka yi masa godiya, har da addu'a. Da muka isa, ashe gidan mai ne da shagon faci. Gardaya kuwa sai da muka ƙara kwanaki kafin mu sa ta a ido.

A Gardaya na yi dakon bulo, na kwana a kangon da muke ginawa, na koyi Larabcin zagi kafin na koyi na gaisuwa. Akwai wani mai gasa burodi a unguwar, gajere mai ɗaurarriyar fuska, bai taɓa amsa sallamata ba. Amma duk safiya in na zo wucewa sai ya tura burodi ɗaya gefen tebur da bayan hannu, ya kau da kai kamar ba shi ya yi ba. Har na bar garin ban ji muryarsa ba. Allah ya saka masa da alheri.

A garin Bilida na iske Sale, mutumin Ollelewa, wanda muka sha shayar da dabbobi a rijiya ɗaya. Sale mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba shi da murfi. Abin da ya ji da hantsi, kafin la'asar an ji shi a Tanut, don waya ba ta sauka daga kunnensa. Shi ya haɗa ni da wani mai tumaki da ake kira Si Rabah, ɗan kasuwa a garin Madiya, wanda garkensa ke can saman duwatsu ba makiyayi. Si Rabah ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi ƴar rigata.

"Ka iya sanyi?" in ji shi.

"Na iya tumaki," na ce.

Ya yi dariya, ya buɗe bayan motarsa ya jefo mani wata jibgegiyar rigar gashi mai hula da suke kira kashabiya. Ina ganinta na ce a raina wannan ai bargon doki ne. Kafin wata ya ƙare ko salla a cikinta nake yi.

Mu a gida in muka ce dutse, muna nufin abin da jaki ke hawa ba a sauke masa kaya ba. Ƙasarmu shimfiɗe take, mai zuwa wurinka da azahar tun hantsi kake hangen sa. Ranar da motar Si Rabah ta shiga kwazazzabon da ke tsakanin Bilida da Madiya, sama ta koma ƴar tsaga a bisa kanmu, ruwa na gudu a ƙasa da ƙara, birai sun jeru a bakin hanya kamar masu jiran mota. Muka yi ta hawa har muka shiga cikin girgije. Na fitar da hannu ta taga na taɓa shi, ya jiƙa mani yatsu. Ni da na yi shekaru ina ɗaga kai ina roƙon girgije ya tsaya a kan gonarmu, yau ga shi yana shigo mani hanci. Na yi ta salati a hankali, Si Rabah ya ɗauka amai nake ji, ya rage gudu.

Inda ya sauke ni wani tsohon ɗakin dutse ne mai jan rufi, a gefen wasu ƙarafa biyu masu tsatsa da suka miƙe cikin ciyawa. Ya ce hanyar jirgin ƙasa ce tun ta zamanin Faransa, ɗakin kuma na masu gyaran hanyar ne, amma jirgi ya daina bi tun shekarun tashin hankalin ƙasarsu. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Na bi ƙarafan da ido, sai na ga ba su kewaye dutsen da ke gabanmu ba, ba su kuma hau shi ba. Cikinsa suka shiga, ta wata ƙofa baƙa ƙirin da aka ɗaure bakinta da sassaƙaƙƙun duwatsu, irin ɗaurin bakan da ke zaurukan Damagaram, sai dai raƙumi da kayansa zai shige bai sunkuya ba. Su tunel suke ce masa, ni rami nake ce masa. Iska mai sanyi na fitowa daga ciki ko da rana ta take. Na tsai da shawara a ranar cewa ni da shi sai gaisuwa daga nesa, don a iya sanina rami na kura ne da maciji da wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Tumakin kuwa muka saba da juna nan da nan, duk da na daɗe ina yi masu dariya. Namu uda da balami, dogaye, gashi kwance, kana ganin ƙibarsu daga nesa. Waɗannan kowacce ta sha bargo, sai ka cusa hannu ka laluba kafin ka san ko akwai tunkiya a ciki. Ba a tsaga masu kunne ko a yi masu lalas kamar namu, fenti ake shafa masu. Na Si Rabah ja ne a gadon baya. Shi kansa sai jefi-jefi yake zuwa, ya ajiye mani gari da mai da shayi, ya leƙa garken ta tagar mota, ya juya.

Wata safiya a farkon sanyi ina alwala a ƙofar ɗaki, sai na ji kukan tunkiya yana fitowa daga cikin dutse, ya yi kauri kamar na saniya. Can sai ga ta ta fito daga bakin ramin, ita kaɗai, tana ɗingishi, da shuɗin fenti a kafaɗa da ciki ya fara nauyi. Ta tsaya tana ƙifta ido, ta hangi tumakina, ta nufe su kai tsaye. Na kama ta, na cire mata ƙaya a kofato, na ba ta ruwa.

Abin da na yi daga nan shi duk ɗan Damargu zai yi. A wurinmu dabbar da ta ɓace ta faɗo garkenka amana ce. Ba ka sayarwa, ba ka yankawa, ba ka kuma barin garkenka ka shiga duniya neman mai ita. Kai dai ka riƙe ta, ka faɗa a bakin rijiya, rijiya ta faɗa wa rijiya, wata rana mai cigiya ya zo ya faɗi shaidarta ya kora abinsa, ita da duk abin da ta haifa, ko da shekaru sun wuce. Mahaifina da wannan aka san shi. In dabba ta rasa mai ita a kasuwar Tanut, ba a doguwar shawara, sai a ce a kai wa Baba. Mun taso a gida da akuyoyin da ba namu ba, muna ba su dusa kafin namu.

To, amma a nan ina rijiyar? Ruwa ta ko'ina yake tsattsafowa daga jikin dutse, kowa da nasa, ba mai jiran layi, ba mai haɗuwa da kowa. Ba wanda zan faɗa wa sai birai. Si Rabah kuwa ban ga dalilin ɗaga masa hankali ba, tsintuwa ai maganar makiyaya ce, ba ta mai shago ba. Na zauna ina jiran mai cigiya. Kullum in na ga mutum a kan tudu sai in miƙe in gyara kashabiya, in ce yau dai ga shi nan, sai in ga mafarauci ne ya wuce abinsa.

Sanyin nan ya gwada mani iyakata. Ƙanƙara ta sauko fara fat ta rufe ƙarafan jirgi, duniya ta yi tsit har ina jin numfashin tumaki. Kyau dai akwai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba, amma na yi kukan gida ba sau ɗaya ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na yi kewar fura da nonon raƙumi, na yi kewar ƙarar guga a bakin rijiya, na yi kewar ko da mutum ɗaya da zai zage ni da Hausa. A tsakiyar wannan sanyi baƙuwar ta haifi tagwaye. Na shigo da su ɗaki kusa da murhu, na raba bargona biyu. Da ita nake hira, don ni da ita ne baƙi a wurin.

Da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito har gwiwa, sai ga motar Si Rabah a ranar da ba ta saba zuwa ba. Wannan karon ya fito, ya kutsa cikin garke yana ture tumaki har ya tsaya kan mai shuɗin fenti. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta.

"Wannan ta wa ce?"

"Baƙuwa ce. Ina jiran mai ita."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon sanyi."

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce tunkiyar ta wata tsohuwa ce, Hajja Yamina, a ƙauyen da ke bayan dutsen nan. Wani mafarauci ya ga fentin ya kai labari, ɗanta Murad yana yawo a kasuwar Madiya yana cewa baƙin mutumin da ke ɗakin jirgi ya sace masu tunkiya, kuma ya rantse sai ya kira jandarma. Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin rijiya da cigiya da guntun Larabcina, ya ɗaga mani hannu.

"Ka ji, Lawali. Ka yanka ta yanzu, ka binne fatar, ƴaƴan mu shafa masu ja. Ko kuma ka shiga mota in sauke ka Bilida ka ɓace. Ba ka da takardu, in suka zo ba tambayar tunkiya za su fara yi maka ba."

"Ka ɗauke ta a mota ka kai mata mana."

"In aka gan ta a motata, ni ne ɓarawon. Kuma akwai shingen jandarma a hanya."

Ya ce in yi tunani kafin gobe, ya tafi. Ƙurarsa ba ta kwanta ba wayata ta yi ƙara, Sale ne. Ashe shi Si Rabah ya fara kira da ya ji maganar, tun kwanaki.

"Lawali, wai me ya kai ka? Kai da kowa ke yabo!"

"Sale, wa ka gaya wa?"

Ya yi ƴan kame-kame. Sannan ya ce, "Wallahi mutum ɗaya ne, shi ma don a taya ka addu'a. Amma an ce tsohonka ya ji. An ce kasuwa ta ci bai je ba."

Baba bai taɓa fashin kasuwar Tanut ba, ko ranar da kunama ta harbe shi sai da aka ɗora shi a jaki. Na zauna a kan ƙarfen jirgi ina kallon tunkiyar tana kiwo hankalinta kwance. In na yanka ta, na zama abin da aka ce. In na gudu Bilida, na tsira da jikina, amma tsoho zai ƙarasa kwanansa a cikin gida, ana cewa ɗan mai riƙon amana ya je ƙasar Larabawa satar tumaki. Hanya ɗaya ce ta rage wadda ba jandarma a kanta, ita ce wadda tunkiyar ta biyo.

Da na idar da sallar asuba na zuba wa garke ciyawa, na rufe shinge, na ɗaura wa baƙuwar igiya. A bakin ramin na ja na tsaya. Ni da na saba shiga gaba tumaki na bin bayana, ranar tunkiya ce ta ja ni. Na kunna fitilar waya, na yi bisimilla, na bi ta, tagwayen na manne da ƙafafunta.

Ramin ba miƙe yake ba, lanƙwasa yake yi a hankali. Na waiwaya na ga hasken ƙofa ya zama kamar ƙwayar gero, na sake waiwayawa babu shi, gaba ma babu. Ruwa na ɗiga daga sama, kowane ɗigo da amonsa. Na yi tari, dutse ya maido mani da tarin. Na ɗaga fitilar sama, sai na manta da tsoro. Rufin duka sassaƙaƙƙen dutse ne, ɗaya jingine da ɗaya, ba itace, ba ginshiƙi, kowanne an yanke shi daidai da maƙwabcinsa har ba inda za ka cusa wuƙa. A bisansu kuma dutse ne guda da itatuwansa da birai da girgijensa, duk suna zaune a kan wannan ɗaurin. Kunkunniyar hayaƙin jirgi tana nan baƙa a tsakiyar rufin, kamar ta ɗakin girkin da aka daɗe da tashi. A jikin bango, nan da can, an bar gurbi kamar alkuki amma mai ɗaukar mutum, na gane don mai tafiya ya raɓe ne in jirgi ya taho. Na shiga ɗaya na tsaya, ya yi mani daidai. Wani wanda ya mutu tun kafin a haifi kakana ya zauna ya yi tunanin kafaɗun mutumin da bai sani ba. Na shafa dutsen, na ji sawun bakin guduma a tafin hannuna.

Muna fitowa haske ya kashe mani ido. Da na buɗe, sai na ga ƙasa ta ƙare. Ramin ya zubo mu ne kai tsaye a kan gada, ƙarafan sun miƙe cikin iska zuwa wani dutsen, inda wata baƙar ƙofar ke jira. Faɗin gadar bai wuce a jera shanu biyu ba, makarin gefe rabi ya zube. Na leƙa. Kogin da na san yana ruri ya koma farin zare, ko motsinsa ba a ji. Wani shaho ya gifta a ƙarƙashina, yana shawagi bai ko kaɗa fiffike ba. Duk rayuwata cikin shaho nake gani, ranar na ga bayansa, ashe ja-ja ne da ɗigo-ɗigo. Na durƙusa a tsakiyar gadar, ba don na yi niyya ba, na yi ta faɗin Allahu akbar. Tunkiya ta tsaya tana tsinkar ciyawar da ta tsiro tsakanin tsakuwa.

Haka muka wuni, rami ya miƙa mu ga gada, gada ta miƙa mu ga rami. Wani gajere ne, kana shiga kana hangen fita. Wani jemagu sun cika shi da wari. A wani wuri hanyar ta manne a jikin dutse bisa wata katanga da aka gino tun daga ƙasan kwari, na rasa inda maginan suka tsaya suka aza tubalin farko. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne ban ji ina hawa ba ko kaɗan, amma duk sanda na waiwaya sai in hangi gadar da na baro tana can ƙasa da ni.

Wajen azahar na iske wani dattijo ya jera akwatunan zuma a kan hanyar, tsakanin ramuka biyu inda rana ke sauka. Ya dubi fentin tunkiyar, ya dube ni, na ga alamar labari ya riga ni isowa. Ya shimfiɗa mani buhu na yi salla, ya ba ni busasshen ɓaure da ruwa. Na tambaye shi wa ya yi wannan aiki.

"Masu zana aikin daga ƙetare suka zo," in ji shi. "Masu ɗaukar dutsen kakanninmu ne. Wasu suna nan ciki har yanzu, ba a fito da su ba."

Ya ce babban ramin da na baro ta baki biyu aka fara haƙa shi, waɗansu ta nan, waɗansu ta can, ba mai ganin wani, har suka haɗu a tsakiyar duhu. Na tuna masu haƙar rijiya na wajenmu, da yadda muke girmama su don sun nutsa har muryarsu ta ƙanƙance. Su ƙasa kawai suke bi, ƙasa kuwa ba ta ɓacewa. Waɗannan a kwance suka haƙa, a lanƙwashe, suka sami juna. Na karanta fatiha ga waɗanda ba a fito da su ba, dattijon ya shafa tare da ni.

"Saura gadar ƙarfe," ya ce da zan tashi. "Kada ka dubi ƙasa, ka dubi katakon da za ka taka. Kuma ka sani, ana ganin mai tahowa daga ƙauyen tun yana nesa."

Gadar ƙarfen ba ta da daɓe. Katakai ne kawai a jere a ƙarƙashin ƙarafan, tsakanin kowane biyu akwai sarari, a cikin sararin kuma ba komai sai iska da kan itatuwa. Yadda tunkiyar ta ƙetare ta ita kaɗai da ciki, Allah kaɗai ya sani, amma yau ta kafe ta ƙi. Na ɗaure ta, na saɓa ɗa ɗaya a wuya na haye, na dawo na ɗauki ɗayan, sannan na dawo na tattara ƙafafun uwar na ɗora ta a kafaɗa. Nauyinta ya sa na yi nadamar duk dusar da na ba ta. A tsakiya ta yi wani yunƙuri, katako ya motsa a ƙarƙashina, takalmina ɗaya ya zame ya tafi, ban ji saukarsa ba. Na tsaya ina yi mata magana da Hausa kamar yadda muka saba a ɗaki, har ta lafa. Da na ɗaga kai, mutane sun taru a ɗaya bakin, suna kallo.

Na sauke ta a gabansu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Wani ƙaƙƙarfan mutum da sanda ya matso, na san shi ne Murad. Kafin ya buɗe baki wata ƴar tsohuwa da zanen shuni a haɓa ta ture shi gefe, ta yi wani ɗan sauti da harshe. Tunkiyar ta fizge igiya daga hannuna ta tafi wurinta. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Tsohuwar ta cusa hannu cikin gashin ta laluba gadon baya, ta buɗe bakin ta duba, ta ɗaga kofato. Sannan ta nuna tagwayen.

"Waɗannan fa?"

"Nata ne, Hajja. Naki ne."

"Ɗana, me ya hana ka kawo ta tun tuni?"

"Ke nake jira ki zo cigiya. Me ya hana ki zuwa?"

Ta dube ni kamar na yi maganar aljanu. "Mu nan abin da dutse ya ɗauka ba a nemansa. Ko dila ne, ko ɓarawo."

Na gaya mata yadda ake yi a wurinmu, da rijiya, da Baba, da kasuwar da ta ci bai je ba. Larabcina ya ƙare a hanya, na ƙarasa da hannu. Ta juya ta dubi ɗanta, ta faɗa masa wata magana gajera da ban ji ba, sandar ta sauka daga hannunsa. Amma ya riga ya yi waya tun da suka hango ni a kan gada, ga motar jandarma can tana hawowa.

Tsohuwar ta tare su tun ba su fito ba, ta ce ba sata, kuskure ne, baƙonta ne. Suka saurare ta da ladabi, babbansu ya ce ya ji, maganar tunkiya ta mutu. Sannan ya juyo ya tambaye ni takardu. Murad ya yi ta roƙo, har da rantsuwa, ya ce shi ya kira, shi ya janye. Babban ya ce wannan kuma ba a hannunsa take ba. Hajja Yamina ta kama hannun kashabiyata ta ce me za ta yi mani. Na fito da waya, na danna ɗaukar murya, na ce ta faɗa wa mahaifina abin da ta gani. Ta riƙe wayar da hannu biyu kusa da baki, ta yi magana mai tsawo. Na tura wa Sale, don na san ba gidan rediyon da zai riga shi. Murad ya cire takalmansa ya ajiye a gabana, ya koma gefe a tsaye da safa.

Da motar jandarman ta gangaro da ni cikin kwazazzabon, sai a lokacin na ga abin da na taka. Gadar farko na tsaye can sama cikin hasken yamma, ƙafafunta na dutse sun fito daga gindin kwari siri-siri, baka a kan baka, kai ka ce ba hannu ne ya aza su ba. Na manna fuska a gilashi ina kallo har kwana ta ɓoye ta. Jandarman da ke kusa da ni ya ce shekarunsa nawa yana bin hanyar nan, bai taɓa hawa can ba, kuma ba ya da niyya.

Sauran tafiyar irin ta kowa ce, duk wanda aka maido ya san ta. Manyan motoci zuwa kudu, sannan rairayi, sannan ƙafa har Asamaka a bakin iyakarmu, sannan Arlit da Agadas. Na sauka a Tanut ba ni da komai sai kashabiya da takalman Murad da suka yi mani yawa. A tasha wani dillalin awaki ya gane ni, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Shi ya gaya mani cewa da saƙon ya iso, Baba bai yarda a fassara masa a gida ba. Ya jira ranar kasuwa, ya sa babbar rigarsa, ya nemo wani Balarabe mai sayar da shayi, ya tsayar da shi a tsakiyar kasuwar dabbobi, ya ce ya faɗa da ƙarfi, shi kunnensa ya yi nauyi. Kunnen Baba kuwa lafiyarsa lau.

Na isa gida da la'asar. Yana zaune a gindin aduwa yana tufkar igiya, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara neman bakin da zan ce na dawo hannu wofi. Bai bar ni na fara ba.

"Lawali."

"Na'am, Baba."

"Tunkiyar mutane, da ka kai ta, ta rame?"

"A'a, Baba. Da ƙyar na ɗaga ta."

Ya ci gaba da tufka, amma na ga igiyar ta ƙi kamuwa.

"To, madalla," ya ce. "Tashi ka shiga, uwarka ta dama fura."